Kififiyar yarana ta daina ci, idanunta sun kumbura

Uwar Biyu, Bagalam

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar waɗanda suka san dabbobi. Akwai kififiya a gidanmu, yara suka tsinto ta bakin wani tabki ta wajen Gulbin Maradi tun cikin damina. Girmanta ya kai tafin hannun babba, a sikelin mai shago ta yi giram 400. Tana cikin bahon roba a tsakar gida dare da rana, ruwa ya sha kanta. Burodi muke ba ta da shinkafa da tuwo, wani lokaci 'yar tsokar nama.

Tun da sanyin nan ya kankama ta daina ci. Idanunta biyu sun kumbura sun rufe. Hancinta yana kumfa, takan buɗe baki kamar mai hamma, in ta yi iyo kuma sai ta karkace gefe guda. Na kifar da ita na ga fararen tabo uku a ƙoƙon cikinta, in an danna suna lotsawa, kuma suna wari. Maƙwabcinmu mai kiwon awaki ya ce tsutsar ciki ce, in kawo ta ya yi mata allurar ibamektin. In kai ta, ko akwai abin da ya fi?

Malamin Dabbobi

Wa alaikumus salam. Hajiya, kada ki kai ta. Ibamektin magani ne mai kyau ga akuya da tunkiya da saniya, amma ga kunkuru da kififiya guba ne. Yana shiga ƙwaƙwalwarsu, ƙafafu su saki, numfashi ya tsaya, kuma ɗigo kaɗan ya isa. Maƙwabcinki da alheri yake nufi, sai dai jikin wannan dabba ba irin na jar akuya ba ne. Haka nan allurar bitamin ta bisashe, mai AD3E a jikin kwalba: bitamin A da ke ciki ya yi mata yawa nesa ba kusa ba, fatar wuya da ta ƙafafu kan saɓule ta bar ɗanyen nama.

Abin da kika lissafa cuta uku ce, kuma wadda ta fi gaggawa ita ce ta huhu. Huhun kififiya a sama yake, manne da ƙoƙon baya, shi ne ke riƙe ta daidai a kan ruwa. In ɓangare guda ya cika da majina sai wannan gefen ya nutse, shi ne karkacewar da kika gani. Ba ta iya tari ballantana ta fitar da majinar, don haka take buɗe baki tana miƙa wuya.

Sanyi ne ya jawo. Kififiya ba ta da zafin jiki nata na kanta, zafin wurin da take shi ne nata. A Maradi cikin Disamba da Janairu dare kan sauko ƙasa da digiri 15, ruwan da ya kwana a tsakar gida kuma da asuba kin san yadda yake. A irin wannan sanyi cikinta ba ya narkar da abinci, jikinta ba ya yaƙar cuta, ko magani aka ba ta ba ya aiki yadda ya kamata. Saboda haka ɗumi shi ne farko, kafin a yi maganar kowane magani.

Yau ɗin nan ki shigar da ita ɗaki inda iska ba ta kaɗawa. Ki zubar da ruwan nan mai zurfi, don dabbar da huhunta ya kamu tana iya nutsewa ta mutu a ruwan da da can take wasa a ciki. Ruwan ya tsaya daidai inda ƙoƙon ciki ya haɗu da na baya, yadda in ta ɗaga kai kaɗan hancinta na waje. Zafinsa ya kasance digiri 27 zuwa 29. Ki sayi ma'aunin zafi, kada ki dogara da hannu. Na jikin mutum bai dace ba don ba ya sauka ƙasa sosai; ki nemi irin wanda masu kiwon kaji ke ratayawa a ɗakin 'yan tsaki. A wurinsu za ki samu ƙwan lantarki mai zafi, wat 40 ko 60. Fararen ƙwayayen nan na yanzu haske kawai suke bayarwa, ba su ɗumama komai. Ki rataye shi santimita 25 zuwa 30 sama da gefe ɗaya na bahon, a ƙarƙashinsa zafi ya kai 32 zuwa 34, ɗaya gefen kuma ya fi sanyi don ta samu wurin gudu in zafin ya ishe ta. Ki ɗaure wayar da kyau, ƙwai mai kuran ya faɗa ruwa ba ƙaramin abu ba ne a gidan da ke da yara. Da dare kada ɗakin ya sauka ƙasa da 25.

A ɗakin nan ban da maganin sauro na kunnawa, ban da fiya-fiya, ban da turaren wuta.

Kumfar hanci haɗe da karkacewa ta wuce abin da ɗumi kaɗai zai warkar. Za ta buƙaci maganin ƙwayoyin cuta daga hannun likitan dabbobi, cikin kwana ɗaya ko biyu.

Ɗan Madarunfa

Malam ya yi magana. Ni ta wajen abinci zan shigo, don a ganina nan ne ɓarnar ta faro tun kafin sanyi ya zo.

Mutane na haɗa kififiya da kunkurun tudu, wancan babba mai cin ciyawa da ake ajewa a gidaje. Ba abincinsu ɗaya ba. Ta tabkunanmu mafarauciya ce. Hajiya, ki duba: in ta tsorata, wuyanta take lanƙwasawa gefe ta ɓoye kai ƙarƙashin bakin ƙoƙo, ba ta janye shi kai tsaye ciki. Masana na kiran wannan dangi Pelomedusa. Akwai 'yar'uwarta Pelusios, wadda gaban ƙoƙon cikinta ke motsi yana rufewa. Duka biyun a tabki abin da suke ci shi ne ƙwari, tana, talibambam, ƙananan kifi, katantanwa da mushe, ganye kaɗan ne. Burodi da tuwo cika ciki ne kawai. Tsoka zalla ita ma ba ta wadatar ba, don babu ƙashi babu kayan ciki, ke nan babu sinadarin kalsiyam da ke ƙarfafa ƙoƙo, babu bitamin A. Rashin bitamin A shi ke sa fatar ido ta kumbura, kuma yana lalata fatar cikin hanci da maƙogwaro, cuta ta samu ƙofar shiga. Wata biyar a kan tuwo ya isa ya kawo haka.

Yanzu ba za ta ci ba, tunda ba ta gani kuma jikinta a sanyaye yake. Kada ki buɗe bakinta da ƙarfi ki ɗura. Ƙofar numfashinta na nan a gindin harshe, abu ya kauce ya faɗa can ya ƙara mata ciwo. Mai giram 400 tana jure mako biyu ko uku ba ci in dai tana shan ruwa. Bayan kwana uku ko huɗu cikin ɗumi ki fara gwada ta da tana mai rai, motsi da ƙanshi ke ja mata hankali. Ki haƙo a wuri mai laima inda ba a zuba maganin feshi ba. A cikin ruwa za ki ba ta, don irinsu ba su iya haɗiya a tudu.

In ta karɓa, sai ki shigo da ƙananan kifi ɗanye sukutum da kai da ƙaya da hanji, gyare, fara mai rai. Farar kasuwa da aka soya da gishiri da yaji ba tata ba ce, haka busasshen kifi mai gishiri. Hantar kaza ko ta akuya, gutsure kamar ƙwayar gyaɗa biyu, sau ɗaya a mako. Ita ce za ta maido da bitamin A ba tare da allura ba, amma kada ki mai da ita abincin kullum, yawanta ma cuta ne. Ɓawon ƙwai ki tafasa minti 10, ki shanya, ki dake ya yi laushi, ki barbaɗa ɗan kaɗan a kan kifin sau biyu a mako. Ɗanyen ganyen zogale, wanda Allah ya hore mana a nan, ki jefa mata 'yan kaɗan. In ta ci to, in ba ta ci ba ki kwashe. Yawan abinci a ci ɗaya kwatankwacin girman kanta, kwana ɗaya a ba ta, kwana ɗaya a huta. Katantanwar tabki kuwa ki bar ta inda take, ita ke ɗauke da tsutsar tsargiya, bai kamata a aiki yara cikin ruwan nan neman ta ba.

Akwai abu guda da ya kamata masu karantawa su bambance. In tabki ya ƙafe, kififiya kan binne kanta cikin laka ta kwanta har ruwa ya sauko, ba ci ba motsi. Don haka ta gida ma takan rage ci da rani, wannan ba ciwo ba ne. Mai hutun rani idonta garau yake, hancinta a bushe, in ka ɗaga ta da nauyinta, in ka ja ƙafarta ta fizge da ƙarfi. Ta Hajiya ba haka take ba.

Inna Mai Jinya

Uwar Biyu, sannu da ɗawainiya. Tabon nan masu wari ruɓewar ƙoƙo ce. Ƙazamin ruwa ke kawo ta, da rashin wurin da dabbar za ta hau ta bushe. Ƙoƙon nan ƙashi ne mai rai da jini a cikinsa, abin da kike gani a sama ɓawo ne kawai ya lulluɓe shi. In ruɓar ta huda ta shiga jini, sai ki ga fatar cinyoyi da ƙoƙon ciki sun yi ja-ja. In kin ga haka kada ki kwana, ki kai ta wurin likita.

A nan na ɗan saba da Malam. Da ruɓar ƙoƙo, bai kamata ta wuni cikin ruwa ba ko da marar zurfi ne. Ki samu baho na biyu ko kwali mai kauri, ki shimfiɗa tsumma mai tsabta, nan ne mazauninta, ƙarƙashin ƙwan lantarkin nan. Ruwa sau biyu a rana, safe da yamma, minti 45 zuwa awa ɗaya kowane shiga, a nan za ta sha, ta ci, ta yi kashi. Kada ki hana ta wannan shigar don son ta bushe da wuri, ƙishirwa na lalata mata ƙoda.

Bayan shigar safe ki goge ta. Ki haɗa Betadine mai ruwan ɗorawa ta farmasi, cokali 1 cikin cokali 9 na ruwan da aka tafasa ya huce. Da tsohon buroshin haƙori mai laushi ki cuɗa tabon a hankali. Abin da ya ruɓe ya saki da kansa ki cire, wanda ya manne ki bar shi, in jini ya fito kin wuce wuri. Ki bar maganin minti 10, ki ɗauraye, ki bari ta bushe. Sannan ki shafa man ƙuna mai suna Flammazine, shafi marar kauri, a kan tabon kaɗai. Kada Betadine ta taɓa ido. Man kaɗanya, basilin da baƙin man mota duk suna toshe ramin su riƙe laima, ruɓar ta ci gaba a ƙarƙashi. Wari kan ɗauke cikin mako ɗaya ko biyu, wurin ya taurare, amma gurbin zai jima, ƙoƙo watanni yake ɗauka kafin ya cike.

Ido kuma, ki sayi ruwan gishirin nan na farmasi da ake wanke wa jarirai ido da hanci. In babu, gishiri giram 9 cikin lita 1 ta tafasasshen ruwa, a sake sabo kullum. Ki jiƙa auduga ki ɗora kan idon minti biyu, sau biyu a rana, kowane ido da audugarsa. Kada ki ɓare fatar da farce. Man ido na tetirasikilin 1% ɗan ɗigo a bakin fatar ya wadatar. Duk maganin idon da aka rubuta kortizon ko deksametazon a kwalinsa ki aje shi. Ki kuma shafa bayan idonta, inda kunne yake: in gefe guda ya yi ƙullutu, ƙurjin kunne ne. Mugunyar waɗannan dabbobi tauri gare ta kamar cuku, ba ta matsuwa, sai likita ya tsaga ya ƙwaƙule.

Ruwan famfo ki tara shi a buɗe ya kwana kafin ki yi amfani da shi. Ruwan da ta shiga sau ɗaya a zubar. Bahon a wanke da ruwan Javel, kashi 1 cikin kashi 30 na ruwa, a ɗauraye sosai a shanya a rana. Dettol da girezil ba su dace da masu jan ciki ba.

Sai maganar gidanki. Kififiya, mai lafiya da marar lafiya, tana ɗauke da ƙwayar salmonela a hanjinta, mai sa gudawa da zazzaɓi. Saboda ita ne Amurka ta hana sayar da ƙananan da ba su kai santimita 10 ba tun 1975, don yara na sa su a baki. Wanda ya taɓa ta ya wanke hannu da sabulu. Yaron da bai kai shekara 5 ba da mai juna biyu su bar jinyar ga wasu. Bahonta da buroshinta kada su kusanci madafa ko randa, ruwanta kuma a zuba a masai, ba inda ake wanke-wanke ba.

Uwar Biyu, Bagalam

Allah ya saka muku da alheri. Na shigar da ita ɗaki, na fasa allurar. Saura abu uku. In an ɗauke kuran da dare ya zan yi? Likitan dabbobin da na samu ya ce shi bisashe da kaji ya sani, amma in akwai wanda ya san awon maganin zai yi. Sannan maigida ya ce mu mayar da ita tabki kawai, can ta fi sanin kanta.

Malamin Dabbobi

Gyaran da Inna ta yi daidai ne, ki bi nata tsarin na bushewa, ki riƙe awon zafin da na ba ki.

In babu kuran: robar ruwa mai lita 1.5, ki cika da ruwan zafi wanda bai kai tafasa ba, ki naɗe ta da tawul, ki sa a gefe ɗaya na kwalin, ki rufe sama da bargo ki bar kafar iska. Ki canza kafin ki kwanta, ki sake da asuba. Kada robar ta taɓa jikinta tsirara, ba ta saurin jin ƙuna, sai ta kwanta a kai har ta ƙone. Kaskon gawayi a rufaffen ɗaki haɗari ne gare ta da ku baki ɗaya.

Ga abin da za ki nuna wa likitan, shi zai duba ta ya zaɓa. Wanda aka fi amfani da shi ga ciwon huhun kunkuru da kififiya shi ne seftazidim, miligiram 20 ga kowane kilo, allura a tsoka, sau ɗaya duk awa 72. Ga mai giram 400 miligiram 8 ke nan. In an narka kwalbar giram 1 da ruwan allura mililita 10, zai ja mililita 0.08, wato zane 8 a sirinjin insulin mai zane 100. A tsokar ƙafar gaba ake yi, yau dama, zuwa na gaba hagu, allura 5 zuwa 7. Tazarar kwana uku ba kuskure ba ne, jikinsu a hankali yake fitar da magani, in an yi kullum kamar na akuya ya taru. Narkakken seftazidim ba ya jimawa. Ko a ja shi cikin sirinji a daskarar a firigo, ko a buɗe sabuwar kwalba duk zuwa in wutar ba ta tsayawa. Kada a musanya shi da seftiriyakzon don sunan ya yi kama, awonsu ba ɗaya ba.

In bai samu ba, akwai enrofuloksasin na kaji mai 10%, wanda ke da miligiram 100 a kowace mililita. Awonsa miligiram 5 ga kilo sau ɗaya a rana, nata miligiram 2. Ba a iya jan wannan daga kwalba kai tsaye, sai an sirka: mililita 1 cikin mililita 9 na ruwa, a ba ta mililita 0.2 ta baki, kwana 10 zuwa 14, a sirka sabo kullum. Yana da ɗaci, kuma bayarwa ta baki ga wadda ba ta ci sai mai hannu. In ta fara ci, a tsira shi cikin tana ko kifi ya fi sauƙi. Allurarsa na ƙona tsoka, shi ya sa ban so ta ga ƙaramar dabba. Jentamisin kuma ya bar shi, yana kashe ƙoda, balle ga wadda ta jima ba ci. Maganar tsutsar ciki a jinkirta ta har ta warke. In an duba kashinta an ga ƙwai, fenbendazol ake ba su.

Kada a tsaya da magani don kumfa ta ɗauke a kwana na biyar, ciwon kan dawo ya fi na farko. Ki auna ta a sikeli ɗaya duk mako ki rubuta. In ta sauka ƙasa da giram 360, ko ta bar kai ya langaɓe, ko ƙafafu suka daina fizgewa, a koma wurin likita a ranar.

Ɗan Madarunfa

Hajiya, ki ba Alhaji haƙuri, ba yanzu ba. A Janairu yawancin tabkunan sun ja baya ko sun ƙafe, 'yan'uwanta suna ƙarƙashin laka. Wadda ba ta gani, ba ta da ƙarfin tona rami, in kin aje ta can kin miƙa wa karnuka da shaho ne. Kuma ba a sakin marar lafiya cikin masu lafiya. In ta warke sarai, ido a buɗe, tana iyo daidai, tana nutsewa ƙasa ta zauna, tana kama abinci da kanta, sai a jira ruwa ya zauna cikin Yuli a mayar da ita tabkin da aka ɗauko ta, ba wani ba. Ni ina ganin hakan ya fi mata zaman baho, amma wannan shawarar gidanku ce.

Kafin nan tana buƙatar rana. Hasken rana ne ke sa jikinta ya yi bitamin D, wanda in babu shi ɓawon ƙwan nan ba zai shiga ƙashi ba. Ƙwan lantarkin ɗumin nan ba ya ba da wannan, hasken da ya ratso gilashin taga ma haka. Da hantsi, wajen ƙarfe 10 zuwa 11 in iska ta kwanta, ki fitar da ita minti 20 zuwa 30, rabin bahon a rufe da faifai ko kwali don inuwa, wani babba na zaune kusa. Ranar da hazo ya yi yawa ko iska na busawa a bar ta ciki. Daga Maris kuma lissafin ya juye: zafin Afrilu da Mayu a nan yana wuce digiri 40, 'yan ruwa kaɗan cikin bahon roba a rana tsaka na iya kashe ta kafin a gama girki. Lokacin sai a koma ƙarfe 8 na safe, a rage zuwa minti 15.

In likita ya ce ta koma ruwa, bahon ya kai tsawon jikinta sau biyar, zurfin ruwa ya kai tsawon ƙoƙonta sau ɗaya da rabi don in ta kife ta iya juyowa. Ki sa bulo ko faffaɗan dutse marar kaifi da zai fito sama da ruwa, wanda za ta hau ta bushe har ƙoƙon ciki. Ki riƙa ba ta abinci a wata roba dabam, ta jima minti 20 ta yi kashinta a can kafin ki mayar da ita, ruwan babban bahon kuma a canza duk kwana biyu, ko don sauro ma.